Akuyar da Ta Fasa Rufin Ustaz Sodangi

Duk wanda ya ce ƙasar Sudan ba ta taɓa haifar gwanin mulkin ƙwallo ba, to bai sauka a Hillat Bawa ba. Ƙauye ne na Hausawa a bakin kogin Nilu, kudu da Mai Wurno, kuma a nan Allah ya ajiye Ustaz Sodangi, mutumin da ilminsa ya yi wa gari yawa har ya tumbatsa ya malala garin maƙwabta. Tun daga nesa za ka san ba sa'an kowa ba ne. Ana zafin da kaza ke haki a inuwa, shi kuwa yana cikin baƙar kwat, wuya a shaƙe, da jaka mai makullin lamba a hannu, yana takawa a hankali kamar mai tsoron kada basirarsa ta zube a hanya.

Shekaru ya kwashe a Jidda yana aiki a wani babban kulob, kuma ba a tashi daga zama bai faɗa ba. "Ni da manyan 'yan wasa babu shamaki," in ji shi. "Har zufarsu na sani." Gaskiya ya faɗa. Mahassada sun baza cewa wanki da guga yake yi a can, amma wannan ƙazafi ne. Akwai wani ɗan Bangaladash da ke guga. Ustaz wanki kawai yake yi.

Da ya dawo gida, ya tarar da kulob ɗin garin, Guguwar Nilu, cikin jahilci mai ban tausayi. Kullum sai cin wasa suke yi ba tare da wani tsari ba. 'Yan wasan manoma ne da masunta da kwandastan motar Sinnar guda ɗaya. Ba wanda ya taɓa biyansu ko sisi. In sun ci wasa, Iya Zainabu mai shayi ta cika masu kofuna, mai ful, wato dafaffen wake, ya tura masu kwano, wanzami ya yi masu aski, kowa ya tafi gida yana fara'a. A wannan shekarar su ne a sama, kafaɗa da kafaɗa da Zakunan Hillat Tanko, ƙauyen da ke hayin kogi. Wanda ya ƙare a gaba shi zai hau gasar Sinnar, abin da Hillat Bawa ke mafarki tun ana buga ƙwallon tsumma. Dalilin nasararsu kuwa yaro ɗaya ne, Ɗayyabu ɗan Baba Salih mai albasa, siriri mai kunya, wanda in ya ɗaga ƙafar hagu mai tsaron gida yakan fara salati.

Ustaz ya kalli wannan ɓarna bai iya yin shiru ba. Ya sa aka tara kwamiti da 'yan wasa a rumfar kulob, ya hau kan benci.

"Ya jama'a, kuna buga ƙwallo, amma ba ku san ƙwallo ba. Duniya ta wuce nan. Yanzu zamanin ihtiraf ne, wato ƙwallo ta zama sana'a, da kwantiragi, da sa hannu, da hatimi. Kuma babu kulob mai mutunci a duniya da ba shi da sagaf. Rufi ke nan, ga waɗanda ba su yi nisa da Larabci ba."

Malam Audi, dattijon da ke shugabantar kulob saboda shi ya ba da filin wasa, ya ɗaga kai ya dubi rumfar da ke yoyo duk damina. "Alhamdu lillahi. Na kwano za a sa ko na ciyawa?"

Ustaz ya rufe ido, ya haɗiye baƙin cikin zama da irin waɗannan mutane. "Rufin albashi, ya Malam. Iyaka. Abin da za a biya 'yan wasa gaba ɗayansu ba zai haura ta ba ko da kaurin gashi."

Jibo mai tsaron gida ya ɗaga hannu daga baya. "Ustaz, wai dama ana biyan albashi?"

Ustaz ya wuce zuwa batu na gaba. Kafin a watse an naɗa Sodangi Mudir, wato darakta, na Kwantiragi da Rufi, muƙamin da shi ya ƙirƙira, shi ya gabatar da kansa, shi kuma ya fara tafi. Washegari yara suka raɗa masa Abu Sagaf, wato Mai Rufi. Ya ji daɗin sunan, ya sa aka rubuta a jikin jakarsa.

Rufin da ya yanka miliyan ɗaya ne a shekara. Shekarar ce aka janye dinari aka kawo sabon jine, wato fam ɗin Sudan, mutane na ta lissafi da kuɗi iri uku a kai, kuma Ustaz ya ci moriyar wannan ruɗani yadda ya kamata. In yana jawabi, da tsohon jine yake magana, adadi ya cika baki. In ɗan wasa ya zo neman kuɗin mota, sai ya koma sabon jine, adadi ya tsuke har ya ɓace. Tunda kuwa asusun kulob babu komai a ciki sai tsohon usur, sai ya fitar da fatawa: duk abin da ya shiga hannun ɗan wasa ko bakinsa saboda ƙwallo, albashi ne, kuma za a yi masa kuɗi a ɗora a ƙarƙashin rufi.

Ranar sa hannu ya ɗauko mai hoto tun daga Sinnar. Kowane ɗan wasa ya zo ya riƙe alƙalami, Ustaz ya kama hannunsa yana murmushi, aka ɗauka. A duk hotunan Ustaz ne a tsakiya. Wasu 'yan wasan kunnensu kawai ya fito. Malam Audi ya shafa Fatiha, sannan aka karanta masu abin da suka sa wa hannu. Daga gwiwa zuwa ɗan yatsa, ƙafar ɗan wasa dukiyar kulob ce. Ba hawan jaki. Ba wanka a kogi. Ba shiga gona. Ba aure sai da izinin Mudir a rubuce, domin, a cewarsa, a Jidda ya ga abin da amarci ke yi wa gudu.

Lokacin cirar albasa ne. Da hantsi Baba Salih ya faɗo rumfar da fartanya a kafaɗa.

"Kai Sodangi, wagga wace irin magana ce? Yaro ya ce mini an hana shi taka gona. Ƙafafun da na haifa?"

"Ka haife su, Baba, amma mun yi masu rajista." Ustaz ya buɗe jaka bayan ya juya lambobi a ɓoye. "Duba nan. Daga gwiwa zuwa sama naka ne, ba mu taɓa ba. Kana iya sa shi duk aikin da kake so, in dai ba zai taka ƙasa ba."

Mutanen da suka wuce gonar Baba Salih a makon nan sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Tsoho yana duƙe cikin rana yana cira, ga ƙaton saurayi an ɗauko shi a amalanke an ajiye kan tabarma, ƙafafu a miƙe kan matashi, yana yanke ganyen albasa yana kawar da kai don kunya.

Daga nan Abu Sagaf ya juya kan albashin ɓoye, wanda ya ce shi ya durƙusar da manyan kulob na Turai. Ya dasa kujera a gaban Iya Zainabu. Baƙin shayi albashi ne. Shayi da madara albashi ne da alawus. In an haɗa da zalabiya, soyayyen fulawar nan mai zaƙi, wannan ya zama cin hanci.

"Ɗan nan," in ji Iya, "tun waɗannan yara suna yawo ba wando nake ba su shayi. Nawa ne, ni na dafa, wa na cuta?"

"Kin cuci tsari, Iya. Tsari ba ya kuka, shi ya sa ba ki ji ba."

Iya ta ce tsari ya zo da kansa ya faɗa mata. Duk da haka yara suka koma shan shayi a bayan masallaci, suna waige kamar masu sayar da abin haram. Jibo ne ya fi shan wuya. Yana zaune gaban wanzami, an kwashe masa rabin kai, sai ga Ustaz da jaka. Ya duba, ya lissafa, ya ce kason Jibo na wata ya cika daidai wurin da aska ta tsaya. Haka Jibo ya tsare gida a wasanni biyu, gefe ɗaya tas, gefe ɗaya daji, 'yan kallo na kiransa Dare-da-Rana.

Kada mai karatu ya zaci Ustaz ya manta da kansa cikin wannan tsantseni. Gahawarsa ta safe, da gugar kwat, da kuɗin motarsa zuwa Sinnar don abin da yake kira tuntuɓa, duk daga karo-karon gari suke fita. Da wani ɗan kwamiti ya yi gunaguni, Ustaz ya yi masa bayani cikin haƙuri: "Mudir ba ya zama a ƙarƙashin rufi, ya ɗan'uwa. A kansa yake zaune, don ya danne shi kada iska ta ɗauke."

Duk da wannan taimako, Guguwar Nilu ta ci gaba da cin wasa. A karawarsu da wata ƙungiya daga Abu Hujar, ana dab da tashi, Ɗayyabu ya sheƙa wata ƙwallo daga tsakiyar fili, ta faɗa raga. Gari ya ruɗe. Hajiya Mairo mai man gyaɗa, wadda ba ta san dokar ƙwallo ba amma ta san murna, ta aika gida aka jawo mata jar akuya, ta damƙa wa yaron igiya a gaban kowa.

Ustaz ya ratsa taro ya iso yana haki. Ya zagaya akuyar, ya buɗe bakinta, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya yi mata kuɗi da tsohon jine da sabo. Sannan ya share zufa.

"Mun tsira. Ta shiga ƙarƙashin rufi, amma ƙahonta na gogarsa. Daga yau ko ƙwayar dabino kada wanda ya ba wani ɗan wasa."

Bayan 'yan makonni aka lura akuyar na faɗi ta gefe.

Tun daga ranar Abu Sagaf bai sake samun natsuwa ba. Kowace safiya sai ya je gidan Baba Salih cikin kwat, ya aro awon tela, ya durƙusa a turke yana auna cikin akuya. Ya hana a ba ta dusa. Ya tambayi wani malamin dabbobi ko akwai yadda za a yi ta jinkirta har a gama gasa. Har magana ya yi mata, matan gida na jinsa ta bayan zana, yana cewa ta dubi girman Allah ta dubi halin da kulob ke ciki. Akuya ta saurare shi da kyau, ta cinye masa gefen aljihu.

A makon wasan ƙarshe, wanda za a yi da Zakunan Hillat Tanko, ta haifi tagwaye.

Malam Audi ya tafi Managil ta'aziyya, don haka Ustaz ya kira sauran 'yan kwamiti taron gaggawa. Ya shigo fuska a murtuke, ya ce a yi shiru na minti ɗaya.

"Rufi ya fashe," in ji shi. "Ba tsagewa ba. Fashewa."

Wani ya ce a mayar wa Hajiya Mairo akuyarta. Ustaz ya ce wannan ɓoye albashi ne, a Turai ɗauri ake yi a kai. Wani ya ce a yanka a yi walima. Ustaz ya tambaye shi wa zai ci, in 'yan wasa suka ci ai an mayar da albashi cikin albashi. Jibo, wanda gashinsa ya fara daidaita, ya ce, "Ustaz, ai kai ka sa rufin nan. Hukumar gasa ba ta san da shi ba, Hillat Tanko ba su da shi. Ka ɗaga shi kaɗan mana, 'yan awaki biyu su wuce."

Ustaz ya dube shi irin kallon da likita ke yi wa mai jinyar da ba zai tashi ba. "Rufin da ake ɗagawa ba rufi ba ne, hula ce. In albashi ya fi ƙarfin kulob, a duk duniya mafita ɗaya ce. A rabu da mai babban albashi."

'Yan kwamiti suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne irin na masu ilmi. Suka watse. Ustaz kuwa ya nufi bakin kogi, ya shiga kwalekwale da jakarsa a kan cinya, ya haye.

Alhaji Jibirin, shugaban Zakunan Hillat Tanko, mai sayar da injin ban ruwa ne, kuma ya ga dabaru iri-iri a kasuwa. Da ya ji abin da ke tafe da baƙonsa sai ya leƙa waje ya ga ko akwai masu dariya a laɓe. Ya tambaya ko yaron ya karye ne. Ya tambaya ko aljanu sun taɓa shi. Da ya tabbata lafiyarsa ƙalau, sai ya gyara zama, ya ce a kawo wa Ustaz lemo mai sanyi.

Nan fa Abu Sagaf ya nuna masu abin da ake koya a Jidda. Ya buga tebur. Ya tashi zai tafi har sau biyu, ko da yake ba wanda ya riƙe shi, da kansa ya dawo. Bai bar wurin ba sai da ya tatse su tas: sabuwar raga ta gida biyu, da famfon hura ƙwallo, da kujerar ofis mai juyawa. Ya kuma kafa sharaɗin cewa dole su ɗauki akuyar da 'ya'yanta, ba zai saurari roƙo ba. Alhaji Jibirin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce ya amince. Ustaz ya ɗauka kuka yake yi. Kafin la'asar ya kai takardu Sinnar an buga hatimi.

Ɗayyabu ya same shi a rumfa yana gwada juyin kujera.

"Ustaz, mi na yi? A garin nan aka binne cibiyata. Ni ban roƙi akuya ba."

"Ba laifinka ba ne, ɗana, daraja ce ta yi maka yawa. Ka yi alfahari. Kai ne ɗan wasa na farko da aka sayar a tarihin wannan yanki, kuma ni na sayar da kai."

Yaron ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Ya sa hannu a gaban jama'a, an shafa Fatiha, shi kuwa ba a yi masa tarbiyyar tsallake Fatiha ba. Da safe mata suka fito bakin kogi, Iya Zainabu na share hawaye da gefen mayafi. Ɗayyabu ya zauna a kwalekwale, ɗan akuya ɗaya a kowace hammata, uwar na kuka a bayansa, bai waiwayo ba har suka kai tsakiyar ruwa. Malam Audi ya sauka daga motar Managil da azahar, aka ba shi labari, ya nemi wuri a gefen titi ya zauna.

Ranar wasa ba wanda ya rage a gida a garuruwan biyu. An ɗaura sababbin raga, farare fes. Ustaz ya sa aka kai masa kujerarsa bakin fili, ya zauna ƙarƙashin lema yana juyawa dama da hagu don kowa ya samu rabonsa na ganinsa.

Ba a daɗe da farawa ba Ɗayyabu ya ɗaga ƙafar hagu. Jibo ya san ƙafar nan tun suna yara, ya san inda za ta, ya kuma san sanin ba shi da amfani. Ƙwallo ta kwanta a raga. Ɗayyabu bai yi murna ba. Ya je ya ɗaga Jibo daga ƙasa, ya kakkaɓe masa riga, ya ce, "Yafe mini, ɗan'uwa." Da ya ci ta biyu ya sake neman gafara. Daga ta uku Jibo ya ce masa ya bari kawai, ya yafe har waɗanda ke tafe.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, 'yan Guguwar Nilu suka zube a ƙasa. Ustaz ya taso ya tsaya a kansu.

"Ku ɗaga kai! Na san a fili ana cinmu. Amma a takarda, wallahi, yau babu kulob mai lafiya irin namu daga nan har Khartum. Muna ƙarƙashin rufi, har da sarari. Su kuwa can, ku tambaye su, ko rufin ma suna da shi? Kuma ku dubi ragar nan. Duk dukan da take sha, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Wa ya kawo ta?"

Jibo ya zabura ya yi kansa, Malam Audi ne ya riƙe shi.

Aka tashi wasa. Hillat Tanko suka haye kogi da kiɗa, za su gasar Sinnar. Hillat Bawa suka koma gida, ko yara ba su yi faɗa a hanya ba.

Washegari da hantsi kwamiti ya zauna, gari duka ya kewaye rumfar. Magana ɗaya ce a gaba, ta sauke Mudir, kuma ba a buƙatar ƙuri'a. Malam Audi ya miƙe, ya ce, "Sodangi," ba Ustaz, ba Mudir. Bai kai ga kalma ta biyu ba aka ji hayaniya daga bakin kogi. Alhaji Jibirin ne da dattawan Hillat Tanko cikin fararen jallabiyoyi, ana jaye da rago a bayansu.

Ustaz ya gyara kwat, fuskarsa ta washe. Ya san wannan rana za ta zo.

"Kun gani? Sun zo sayena." Ya ɗaga murya yadda baƙin za su ji. "Ya Alhaji, tun kafin ka buɗe baki, ka sani ni ba mai araha ba ne. Ina son ofis mai fanka, da babur, da cikakken iko a kan ƙafafun 'yan wasanku."

Malam Audi ya yi wuf ya kama hannun Alhaji Jibirin da hannu biyu. "Kun saya. Ba ma son ko sisi. Kujerar ma ku haɗa da ita, ni kuma zan ƙara maku buhun albasa biyu daga gonata, da kuɗin kwalekwale."

"A'uzu billahi," in ji Alhaji Jibirin, ya zare hannunsa kamar ya taɓa wuta. "Malam Audi, mu da ku 'yan'uwa ne, kada ka yi mana haka. Mun ji za ku sauke shi ne, shi ya sa muka yi sammako. Ga rago, ku yi haƙuri ku bar shi a kan aikinsa. Gahawarsa da gugar kwat ɗinsa duk mun ɗauka, shekara biyar, kuma in ya ƙare muna iya sabuntawa."

Ustaz ya juyo ga jama'a, ƙirji a gaba. "Kun ji da kunnenku. Mudir ɗaya, garuruwa biyu na rububinsa."

"Sharaɗinmu ɗaya ne," in ji Alhaji Jibirin. "Kada ya haye kogi ya zo wajenmu. Ko da gaisuwar Sallah ce, ya aiko."